Mai tara tsofaffin kuɗi, ga sharuɗɗanka

Wannan gargaɗi ne ga matasan Dandamisa, da na Makarfi da Ikara da Kudan, waɗanda sha'awar tara tsofaffin kuɗi ta kama.

Fara da na gida. Nemi izinin kaka ta buɗe maka adakarta. A can ake samun anini mai huda a tsakiya, wanda Turawa suka fara bugawa a 1907, da taro da sisi da sule, kuɗin da aka ci kasuwa da su har naira ta shigo a 1973. Kada ka raina wuri. Mai yawa daga cikinsa daga tsibiran Maldibis ya fito, can kudu da Indiya, kuma da shi kakanninmu suka biya sadaki da kuɗin ƙasa.

Kada ka goge. Ban da toka, ban da lemun tsami, ban da yashi. Duhun da ke jikin kuɗin nan shaidar shekarunsa ce, duk wanda ya kankare shi ya karya darajarsa da hannunsa.

Kada ka kai wa maƙeri ya narkar. Liyari nawa aka mayar awarwaro da zobe a ƙasar nan? Abin yana ci mini rai, domin azurfa ana sake samunta, amma bugun da ya narke ya tafi ke nan. Sai dai ka sani, shekarar 1780 da ke jikin liyari mai hoton Mariya Tereza ba hujjar tsufa ba ce. An ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zamaninmu.

Idan zinariyar sarakunan kudancin Indiya kake so, irin fanam na Tipu Sultan, sarkin Maisur da aka kashe a 1799, to ka ninka hattara. Bai fi ƙwayar wake ba, nauyinsa bai kai rabin giram ba, kuma jabunsa ya cika kasuwa. Kada ka tura kuɗi don hoton da ka gani a Facebook. Riƙe shi a hannu, a ɗora a sikelin masu zinariya, a gwada a gabanka. Maganaɗisu kaɗai bai isa ba, tagulla ma ba ya kamawa.

Kada ka taɓa abin da ke cikin gado kafin a raba, ko da anini ɗaya ne.

Kada ka tona kufai ko kabari. Kayan tarihi suna ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, fitar da su waje ba izininta laifi ne.

Kowane kuɗi ka ba shi ambulan ɗinsa, nesa da damshi. Rubuta wanda ya ba ka, da garinsa, da abin da ya ce ana saye da shi a zamaninsa. Tambayi dattawa tun suna raye.