Ƙwayar kanumfari daban, mansa daban

A teburan masu turare na New Bell da kewayen Kasuwar Kongo a Douala, ƙananan kwalaben man kanumfari suna jere kusa da jawul da humra, mutane na saye don ciwon haƙori. Mu masu harhaɗa magunguna ba mu musun amfaninsa. Sinadarin da ya rinjaya a cikinsa, yujinol, yakan kai kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari, kuma yana kashe raɗaɗi, har likitocin haƙori sukan kwaɓa shi da farar hodar zinki su toshe kogo na ɗan lokaci. Ginshiƙin yujinol zobe ne na ƙwayoyin kabon shida, irin na benzin, wanda Bajamushe Kekule ya bayyana siffarsa a 1865. Shi kansa sunan benzin daga jawul ya fito, wato lubban jawi na Larabawa. Wanda ya san benzin na jawo sankarar jini zai iya tsorata, amma rassan da ke manne da zoben yujinol sun sauya masa hali. Haɗarin a yawa yake.

Za a ce iyaye da kakanni sun tauna kanumfari, sun zuba shi a kunu da yaji, ba abin da ya same su. Gaskiya ne, sai dai ƙwaya biyu ko uku suka tauna. Man da ke cikin busasshiyar ƙwaya bai cika wuce kashi ɗaya bisa biyar na nauyinta ba, don haka ƙaramin cokali guda na tataccen mai ƙarfin ɗaruruwan ƙwayoyi ne a dunƙule. An samu ƙananan yara da suka sha cokali ɗaya ko biyu, hantarsu ta lalace, jininsu ya kasa daskarewa. Ko babba ya ɗiga man tsantsa a dasashi, ƙuna yake yi. Kafur da man bishiyar turare kuwa suna sa yaro jijjiga. Fitowa daga tsiro ba ta hana abu cutarwa, ai tunya ma tsiro ce.

Zafin Douala na ƙara dagula lamarin, domin rana da iska suna sauya waɗannan mayuka, musamman man ɓawon lemo, su koma masu sa fata ƙaiƙayi. A sayi mai baƙar kwalba da ke cikin inuwa, a tsarma shi da man ja ko na kwakwa kafin ya taɓa jiki, a ɗora shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu.