Ciwon Haƙorin Yara: Shawarwari 9 Ga Iyaye

In ciwon haƙori ya kama yaro da dare, babu mai runtsawa a gidan. Ba tsutsa ba ce ke cin haƙorin kamar yadda ake faɗa. Ƙwayoyin cuta ne da ke baki suke cin ragowar zaƙi, su fitar da tsami, tsamin ya yi ta zaizayar haƙori har ya yi kogo. Ga abin yi in ciwon ya tashi, da yadda za ku tare shi tun bai zo ba.

1. Ku fara leƙa bakin. Ku wanke hannu, ku haska da tocilar waya, domin sau da yawa tsokar nama ce ko dusar masara ta maƙale tsakanin haƙora. Ku zare ta a hankali da zare mai tsabta, ban da allura ko tsinken tsintsiya, kada a huda dasashi.

2. Ku haɗa ruwan gishiri mai ɗumi. Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya ya isa. Yaron ya kurkure ya tofar, bayan kowane cin abinci da kuma kafin barci. Wannan na yaron da ya iya tofarwa ne, ƙarami zai haɗiye.

3. Ku ba da farasitamol bisa ƙa'ida. Ku bi awon da ke jikin kwalba gwargwadon shekarun yaro, da tazarar aƙalla awa 4, kuma kada ya wuce sau 4 a kwana ɗaya. Tsumma mai sanyi a kan kunci ma yana rage zugi. Asfirin kuwa ba na yaron da bai kai shekara 16 ba ne, kuma niƙa shi a ɗora kan haƙori ƙona dasashi yake yi.

4. Kada a ɗiga komai a cikin kogon. Fetur, ruwan batir, turare da kanwa illa suke yi a bakin yaro, man kanumfari ma ya fi ƙarfin dasashinsa. Haka nan ku yi hattara da magungunan fitar haƙori na jarirai: a 2008 zuwa 2009 wani mai suna My Pikin ya hallaka yara fiye da 80 a Najeriya. Shafa dasashin jariri da yatsa mai tsabta ya wadatar.

5. Ku san lokacin da ba a jira. Kumburin kunci, zazzaɓi, mugunya, ko kasa buɗe baki da haɗiya, duk na asibiti ne a ranar. In yaro ya rame, musamman bayan ƙyanda, sai dasashinsa ya fara jini da wari, ku gaggauta, domin ta haka cutar noma take farawa, mai cinye kunci cikin 'yan kwanaki. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato, amma in an kama ta da wuri magani ke tsayar da ita.

6. Lafawar zafi ba warkewa ba ce. Kogo ba ya cikewa da kansa, kuma cike shi tun yana ƙarami ya fi arha da sauƙi. Kada ku ce ai zai yi famfara: haƙoran yarinta 20 su ke riƙe wa manyan gurbi. Kuma turamen da ke fitowa can ƙarshen baki wajen shekara 6 na dindindin ne, in sun lalace babu wasu.

7. A goge baki safe da dare tun haƙorin farko. Yakan fito ne wajen wata 6, kuma daga ranar ake fara sa masa burushi mai laushi da man goge baki mai fulorayid. Ƙasa da shekara 3 a lakato kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, a tofar ba tare da kurkurewa ba. Ku riƙa kama masa hannu har ya kai shekara 7; asuwaki kuma a ƙara da shi da rana, yana taimakawa.

8. Ku rage yawan lokutan shan zaƙi. Alawa biyar a zama ɗaya bayan abinci ba ta kai ɓarnar guda ɗaya ɗaya daga safe zuwa yamma ba, domin kowace tsotsa sabon tsami ce. Masu ɗanko irin su gullisuwa da tuwon madara sun fi daɗewa a haƙori. Kuɗin tara ya tafi ga gyaɗa, dafaffen ƙwai ko ayaba, a bi da ruwa maimakon lemon kwalba.

9. Kada yaro ya kwana da fida a baki. Miyau yana raguwa in ana barci, sai shayi ko madara mai sukari ya kwanta a haƙoran gaba har su yi baƙi su gutsuttsure. Bayan gogen dare ruwa kawai, kuma da ya shekara ku koya masa sha da kofi.

Burushi, man goge baki da gishiri ba su kai kuɗin cire haƙori ɗaya ba. Ku fara da gogen daren yau, kuma ku goge naku a gabansa, domin abin da yaro ya gani shi yake yi.