Fumfuna Mai Kashe Ƙwaron Gyaɗa

Gyaɗar da ake sayarwa a Agege da Mile 12 daga Arewa take zuwa, mafi yawa ta kasuwanni irin su Dawanau a Kano. Sau da yawa tare da ƙwaronta take sauka a Legas.

Ƙwaron gyaɗa ƙarami ne, jaja-jaja, mai kaurin ƙafafun baya. Macen tana yin ƙwai a jikin ɓawo. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda ɓawon, ta shige ciki tana cin ƙwayar. Idan ta ƙoshi sai ta fito ta saƙa ɗan gida fari a jikin gyaɗa ko buhu. Cikin kamar kwana 40 da yin ƙwan sabon ƙwaro ya fito. Yana kuma hayayyafa a 'ya'yan tsamiya, don haka kada a jera buhun tsamiya kusa da na gyaɗa.

Wasu 'yan kasuwa kan zuba fiya-fiya a buhu. Wannan ganganci ne da rayukan mutane, domin guba ce, kuma tana bin gyaɗar har cikin mai da ƙuli-ƙuli. Saboda irin wannan guba Tarayyar Turai ta hana shigar waken Nijeriya a 2015.

Akwai wata fumfuna da ke zaune a ƙasa wadda ƙwari take kamawa. Wani Ba'italiye, Agostino Bassi, shi ya bayyana ta a 1835, bayan ya ga tana kashe tsutsar siliki. Masana na kiranta Beauveria. Ƙwayoyinta kamar garin alli suke. Idan suka manne a jikin ƙwaro sai su tsiro, su ratsa fatarsa, su cinye shi ta ciki. Bayan 'yan kwanaki ya mutu, gawar ta yi fari fat. 'Yar'uwarta Metarhizium kuwa kore take mayar da gawa. Da ita aka haɗa Green Muscle, maganin fara da aka gwada a Nijar.

Beauveria ba ta kisa nan take, kuma ba ta kaiwa ga tsutsar da ta riga ta shige ɓawo. Ƙwaron da ke yawo a waje take kamawa, shi ya sa ake barbaɗa ta tun farkon ajiya. A kan gyaɗa, yawancin aikin yana hannun masu bincike tukuna.

A kula sosai: ba kowace fumfuna ce magani ba. Wadda ke fitowa a jikin gyaɗa mai danshi tana ɗauke da gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma iskar Legas akwai laima. Kada a yayyafa wa gyaɗa ruwa da sunan taimaka wa magani. A busar da ita har ta riƙa ƙara idan an girgiza, a ɗora buhuna kan katako nesa da bango, kuma kada a sayi maganin da ba shi da lambar NAFDAC.