Darasin Kwamfuta: Yadda Za Ka Tsara Jadawalin Makonka

Darasinmu na wannan fitowa a kan jadawalin mako yake, wato yadda ɗalibi zai raba kwana bakwai ɗin nan tsakanin Islamiyya da boko da aikin gida, ta hanyar amfani da manhajar lissafi ta kwamfuta ko ta waya.

Bari in fara da abin da ya sa na zaɓi wannan darasi. A daminar da ta wuce wani uba ya same ni ransa a ɓace, ya ce, "Malam, yaron nan wata uku yana kan izu guda. Boko ce ta ɗauke masa hankali, zan cire shi." Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri mu zauna mu ƙirga." Muka kira yaron, muka bi kwanakinsa ɗaya bayan ɗaya. Bayan Asuba ɗebo ruwa yake yi, daga nan sai firamare, in an tashi ya kai abinci gona, ya dawo a guje ya taho Islamiyya, bayan Magariba kuwa barci ya riga ya ci ƙarfinsa. Da muka tara lokacin da yake samu na hadda a mako gaba ɗaya, minti 70 ne kacal. Ashe ba lalaci ba ne, lokaci ne babu wanda ya ware masa.

Ka lura, ya kai ɗalibi, kai mai mako biyu ne a cikin mako guda. Boko tana farawa Litinin ta ƙare Juma'a. Mafi yawan Islamiyyunmu kuma suna farawa Asabar su ƙare Laraba, a huta Alhamis da Juma'a kamar yadda aka gada daga makarantar allo. Ke nan Asabar da Lahadi Islamiyya ce kaɗai, Litinin zuwa Laraba duka biyun ne a kanka, Alhamis da Juma'a kuma boko ce kaɗai. Wanda bai tsara wannan a rubuce ba, taura biyu zai riƙa taunawa.

Mece ce manhajar lissafi?

Shafi ne da aka yanka gida-gida kamar gurabun dara. Layukan tsaye suna da haruffa, A, B, C, layukan kwance kuma suna da lambobi, 1, 2, 3. Saboda haka kowane gida yana da sunansa: inda B ta haɗu da 2 shi ne B2. Ta farko da ta shahara ita ce VisiCalc, wadda ta fito a Amurka a 1979. Kamfanin Microsoft ya fitar da Excel a 1985, Google Sheets kuma ta zo a 2006. Duk wadda ka samu a kwamfutar makaranta ko a wayar yayanka, har da WPS Office, aikin iri ɗaya ne.

Mataki na ɗaya: kwanaki

A gidan A1 rubuta "Lokaci". Daga B1 zuwa H1 rubuta Asabar, Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a. Da hannunka za ka rubuta kowanne, domin manhajar ba ta san jerin kwanakin Hausa ba balle ta cike maka.

Mataki na biyu: lokuta

A nan ne da yawa suke kuskure, sai su jera ƙarfe 6, ƙarfe 7, ƙarfe 8. To mu dai da salla muke auna yininmu, lokacin salla kuwa yana motsawa. A ƙasar Kano rana takan faɗi wajen ƙarfe 6 a watan Nuwamba, amma a watan Yuli sai kusan ƙarfe 7. Jadawalin da aka gina a kan agogo zai rushe cikin 'yan watanni. Don haka daga A2 zuwa A7 rubuta: bayan Asuba, hantsi, bayan Azahar, bayan La'asar, bayan Magariba, bayan Isha'i.

Mataki na uku: cike gidaje

Fara da abin da ba ya motsawa, wato lokacin boko da lokacin Islamiyya. Sa'an nan aikin gida wanda iyaye suka ɗora maka: ɗebo ruwa, kiwo, surfe, wanke-wanke, kai abinci gona, da ranar kasuwar garinku idan kana taya mahaifinka tsaron kaya. Kada ka ɓoye ko ɗaya, kuma kada ka rubuta abin da ka san ba za ka iya ba don kawai shafin ya yi kyau. Gidajen da suka rage su ne jarinka. Sabuwar hadda ka sa ta bayan Asuba, da sanyin safiya ake kama fara. Asabar da Lahadi da hantsi ka ba littattafai irin su Ahalari da Ishmawi da Arba'una Hadisi. Alhamis da Juma'a da yamma kuwa ka bar su don tilawar abin da ka haddace a baya, domin haddar da ba a waiwayarta zubewa take yi. Ka bar gida biyu ko uku babu komai, don wasa da zumunci da abin da ka iya tasowa. Idan ka ba kowane irin aiki launinsa, ko ƙaninka da bai iya karatu ba zai gane.

Mataki na huɗu: lissafi

Wannan shi ne fifikon manhaja a kan takarda. Sauka zuwa A10 ka rubuta "Mintunan hadda". Daga B10 zuwa H10 rubuta mintunan da ka samu kowace rana, lamba zalla kamar 30 ko 45, ba tare da ƙara wata kalma ba. A gidan I10 rubuta =SUM(B10:H10), kada ka manta da alamar daidai ta farko. Nan take jimillar mako za ta fito, kuma duk lambar da ka canja, jimillar za ta gyara kanta. Yi haka a layi na 11 don tilawa, layi na 12 don aikin gida na boko.

Ga wani lissafin da zai ƙarfafa maka gwiwa. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimilla sumuni 480. Mai haddace sumuni guda a rana, kwana biyar a mako, mako 96 yake buƙata, wato bai cika shekara biyu ba. Mai rabin sumuni kuwa mako 192, kimanin shekara uku da wata takwas. Ba a sa hutu da rashin lafiya a ciki ba, amma dai ka ga sannu ba ta hana zuwa.

Mataki na biyar: sauyin yanayi

Jadawali guda ba ya isar ɗan manomi shekara. Yaron Doguwa da ke taya noman masara, da na Tudun Wada da ke shanyar shinkafa da kaka, da na Bebeji da ke bin mahaifinsa kamun kifi a madatsar ruwa ta Tiga, da na Kiru da ke kiwo, kowa da lokacin da aiki ke yi masa yawa. Sai ka kwafi shafin sau huɗu, ka sa musu suna damina, kaka, rani, azumi, ka gyara kowanne daidai da halinsa. Ka ajiye aikinka tun kafin wuta ta ɗauke, sa'an nan ka kai shagon kwamfuta a buga maka a takarda, ka manna a bangon ɗaki. Idan iyayenka Ajami suke karantawa, rubuta musu sunayen kwanakin da Ajami a saman kowane layi. Wanda ba shi da waya ko kwamfuta kuma kada ya ce an bar shi a baya, rula da fensir sun isa, lissafin ne kawai zai yi da kansa.

Ku kuma iyaye, jadawalin nan ba zai yi aiki ba sai da yardarku. Yaron da na ba ku labari, mahaifinsa ne ya mai da ɗebo ruwa zuwa yamma, ya bar masa minti 30 bayan Asuba kullum. Minti 70 suka koma 210, ba a cire shi daga boko ba, haddarsa kuma ta ci gaba.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya zana jadawalinsa na wannan mako, ya nuna wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa su duba, ya kawo mini shi ranar Asabar tare da jimillar mintunan haddarsa. Allah ya sa albarka a lokacinmu, ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.