Shan Taba da Maƙoƙo

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi yana tambaya: shin taba na yi wa tairod illa, wato halittar nan ta gaban wuya?

To malam, tana yi. Hayaƙinta na tara sinadarin tayosayanet a jini, shi kuwa yakan hana tairod ɗaukar aidin da take haɗa sinadaran T3 da T4 da shi. Inda aidin ya yi ƙaranci a abinci, maƙoƙo kan biyo baya. Masu shan taba sun fi kamuwa da cutar Graves, mai sa tairod aiki fiye da kima, takan kuma sa idanu su firfito, kuma maganin idon bai cika ci gare su ba.

Ka daure ka daina, sannan ka je asibiti a gwada jininka.