Idan Kwamfutar Gida Ta Ƙi Tashi Bayan An Ƙara Mata Kaya

Tun 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, gidaje da dama a cikin birni, daga Yakasai har Mandawari, suka ajiye kwamfutar tebur don yara su riƙa gwaji. Galibi haɗe-haɗe ce: a sayo kayan ciki ɗaya bayan ɗaya a titin Beirut, wani saurayin gida ya harhaɗa. Kuma tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane suka duƙufa ƙara wa tsofaffin kwamfutocinsu kaya. To sai a ƙara, a danna, a ji shiru. Ga jarrabawa ta matso, ga kuɗin adashe an riga an zuba a ciki.

Kada hankalinki ya tashi. Kwamfutar da jiya take aiki, yau ta ƙi bayan an buɗe cikinta, mafi yawan lokaci ba lalacewa ta yi ba; wani abu ne bai zauna daidai ba.

Kafin kowa ya taɓa cikinta, a zare wayar wuta daga bango, a danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita. Ki cire zobe da warwaro, sannan ki dafa ƙarfen jikin kwamfutar. Kin san tartsatsin nan da mayafi ke yi da hunturu? Wannan ɗan abin ya isa ya kashe kayan ciki. Akwatin da ke raba wuta kuwa, wanda wayar bango ke shiga, ba a buɗe shi ko kusa, don yana riƙe wuta ko an zare shi.

Yanzu ki lura: shiru ta yi gaba ɗaya, ko fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin?

In shiru ne, matsalar wuta ce. Ki duba ɗan makunnin da ke bayan akwatin wuta. Ki tabbata babbar waya mai baki 24 ta shige babban faifan ciki har maƙallinta ya kama, haka ma ƙaramar mai baki 4 ko 8 da ke kusa da babbar fanka, wadda ita aka fi mantawa. Wasu tsofaffin akwatunan wuta, musamman na hannu da suka fito daga Amurka, suna da jan makunni mai lamba 115 da 230. Namu 230 ne. Aka jona shi yana kan 115, ƙonewa zai yi nan take. In kuma wutar KEDCO ce ta zo da rauni, a jira ta cika ko a haɗa da sitabilaiza.

In fanka na juyawa, fara zargin RAM, wato siraran sandunan nan da ake ƙarawa don kwamfuta ta yi sauri. Nan ne aka fi samun matsala, don mutane na jin tsoron dannawa. A buɗe maƙallan gefe, a daidaita tsagar sandar da ta ramin, a danna da babban yatsa gefe biyu har a ji ƙas. In ta ƙi shiga, kada a matsa mata: DDR3 da DDR4 tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, kuma ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya. In sanduna biyu ne, a gwada ɗaya ita kaɗai, sannan ɗayar. Ƙurar Kano ma takan cika ramin. Buroshi mai laushi busasshe ya wadatar, ban da hurawa da baki.

Wanda ya ƙara katin hoto kuma, wayar allo a jikin sabon katin za ta koma, ba tsohon gurbinta ba. Abin dariya ne, amma ya sha kai mutane wurin mai gyara.

Duk an yi ba ta tashi ba? A cire ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, a bar shi minti biyar a waje, a mayar. Kwamfutar za ta koma saitinta na asali. Daga nan sai a cire sabon kayan duka, a mayar da tsohon. Ta tashi, kin gane mai laifi, sai a mayar wa mai shago. Shi ya sa nake ganin bai kamata a ƙara abu biyu rana ɗaya ba, kuma a yi sharaɗin canji tun wurin ciniki, a karɓo rasit.

Wani abin kuma, ƙarin RAM kaɗai ba ya sa tsohuwar kwamfuta ta cancanci Windows 11. Sai tana da abin tsaron da ake kira TPM 2.0, kuma ƙwaƙwalwarta ba ta tsufa da yawa ba. A tambaya kafin a kashe kuɗi.

Amma da zarar kin ji ƙaurin ƙuna ko kin ga hayaƙi, a zare wuta, kada a sake gwadawa. Wannan na mai gyara ne, kuma a ce masa kada ya goge komai a ma'ajiyar bayanai sai ya tambaye ku.