Ɗakin Kwamfutar Makaranta da Manhaja Mai 'Yanci: Shawara ga Makarantun Roni da Kewaye

Ɗakin kwamfuta a makarantun sakandare na Roni, Gwiwa, 'Yankwashi, Kazaure da Babura yana fama da matsala biyu: ƙarancin na'ura, da saurin mutuwar 'yan kaɗan ɗin da aka samu. Ta biyun ta fi ciwo. Ko gwamnati ce ta kawo kwamfutocin, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko wani mai neman kujera, sau da yawa ba a jimawa sai a tarar an lulluɓe su da leda an garƙame ɗakin. Akan ɗora laifin a kan rashin wuta da ƙurar hunturu, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma idan mai gyara ya duba, da yawansu ƙarfensu ƙalau yake, manhajar da ke ciki ce ta lalace.

Abin yana da tsarin da yake bi. Ɗan kwangila ya kawo na'ura ɗauke da Windows da Office marasa lasisi, waɗanda galibi an toshe musu hanyar sabuntawa don kada a gano su. Malami ya kai filash shagon buga takardu, ya dawo ya soka shi a kwamfutar makaranta. Washegari fayilolin sakamakon jarrabawa sun ɓace, sai inuwarsu ta rage a allo, ana dannawa ba sa buɗewa. A ɗauki na'urar zuwa Kazaure ko Kano a yi mata fomatin, a biya kuɗi, a dawo da ita da irin kwafin da ya jawo cutar. Yanzu kuma an samu ƙarin nauyi, domin Microsoft ya daina kula da Windows 10 daga 14 ga Oktoba 2025, shi kuwa Windows 11 yana buƙatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da sabon injin sarrafawa, abin da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Wanda ke ɗaukar asarar shi ne ɗalibi. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, don haka yaron Amaryawa ko Zugai da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yana shiga ɗakin jarrabawa da tsoro biyu.

Mafita ɗaya ita ce manhaja mai 'yanci, wato wadda lasisinta ya ba kowa izini huɗu: ya yi amfani da ita yadda ya ga dama, ya duba yadda aka rubuta ta, ya kwafa ya ba wani, ya gyara ya raba gyaran. Richard Stallman ne ya fara wannan tafiya a Amurka a 1983 da shirin GNU, sannan a 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Finlan, ya fitar da Linux. Ba baƙon abu ba ne a nan, domin wayar Android da ke aljihun kowane malami a kan Linux aka gina ta. Amfaninta ga makaranta a fili yake. Da filash ɗaya za a zuba ta a kwamfuta arba'in ba tare da an karya doka ko an ci haƙƙin kowa ba, kuma bairos ɗin da ke yawo a filash an rubuta shi ne don Windows, ba ya tashi a kan Linux.

Akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Haƙƙin mallakar rubutu yana kare ainihin abin da mutum ya rubuta, kuma dokar Najeriya ta 2022 ta sa manhajar kwamfuta cikin abin da take karewa. Lasisin manhaja mai 'yanci ma a kan wannan haƙƙi ya dogara. Takardar mallakar ƙirƙira kuwa dabarar kanta take killacewa, yawanci shekara 20, ta yadda ko wani ya zauna ya rubuta tasa manhajar daga tushe, za a iya maka shi a kotu. Wannan ne ya sa masu manhaja mai 'yanci suke yaƙi da ita. Sun yi nasara a Yulin 2005, lokacin da Majalisar Tarayyar Turai ta yi watsi da daftarin dokar da suka ce zai halatta irin wannan killacewa. Kafin takardun da ke kan tsarin sauti na MP3 su ƙare a 2017, wasu nau'o'in Linux ba sa zuwa da abin kunna shi, saboda gudun shari'a kawai.

Najeriya ta ɗanɗana makamancin haka, kuma a kan kayan makaranta. A ƙarshen 2007 kamfanin LANCOR ya kai shirin One Laptop per Child ƙara a Babbar Kotun Tarayya ta Legas, yana cewa an kwaikwayi ƙirar kibod ɗinsa mai rubuta harsunan Najeriya, wadda ya yi wa rajista. Shirin ya musanta, amma kotu ta ba da umarnin dakatar da raba kwamfutocinsa a ƙasar na wucin gadi. A shekarar ce kuma aka yi takaddama kan kwamfutocin ɗalibai 17,000 da aka yi odarsu da Mandriva Linux, sai aka ji ana shirin goge shi a zuba Windows. Ke nan tun a takardar kwangila ake yanke abin da yaro zai koya.

Makarantar da ke son gwadawa kada ta juye komai rana ɗaya. Ta ware kwamfuta biyu ko uku daga cikin waɗanda aka fid da rai da su. A fara kwashe duk wani sakamako da rajistar ɗalibai zuwa wuri biyu daban. A sauko da Linux Mint, ko Lubuntu idan na'urar ta tsufa ƙwarai, a inda intanet ke da ƙarfi, sau ɗaya ya isa. Ana iya tayar da kwamfuta daga filash ɗin ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba, kuma a wannan matakin ne ya kamata a jona firinta a ga ko za ta buga, a gwada sauti da majigi. Firinta ce ta fi ba da wahala, don haka kada a zuba manhajar sai an ga takarda ta fito.

LibreOffice shi ke maye gurbin Office, yana buɗe takardun Word da Excel yana kuma ajiye su, ko da yake takarda mai ado da yawa takan ɗan gurɓata. Tux Typing yana koyar da buga rubutu, GCompris na ƙananan yara ne, Scratch kuma yana buɗe ƙofar rubuta manhaja. Kiwix ya fi kowanne dacewa da ƙauye, domin yana ajiye Wikipedia gaba ɗaya, har da ta Hausa, a karanta ba intanet. Linux yana da tsarin kibod na Hausa, kuma da salon rubutu irin Andika baƙaƙen ɓ, ɗ da ƙ suna fita tsaf.

Dole a faɗi inda gizo ke saƙa. Littattafan darasin kwamfuta da tambayoyin WAEC da NECO sukan ambaci kayan Microsoft da sunansu, kuma manhajojin gwajin JAMB da ake sayarwa yawanci na Windows ne ko na waya. Saboda haka a bar kwamfuta ɗaya ko biyu da Windows mai lasisi na gaske, ɗalibai su ga duka biyun. Yaron da ya fahimci yadda ake jera lissafi a tebur ba zai ruɗe ba don an sauya masa wurin maɓalli.

Abin da ke kashe irin wannan shiri shi ne a rataya shi a wuyan ɗan bautar ƙasa, ya gama shekararsa ya tafi da lambar sirri a kansa. Jihar Kerala ta Indiya, wadda ta mayar da makarantun gwamnatinta kan Linux, ta dage ne a kan horar da malamanta na dindindin. Yankin nan bai rasa inda za a nemi horo ba: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da cibiyar fasahar sadarwa ta jiha a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Shugaban makaranta ya rubuta musu ya nemi a horar masa da malamai biyu, a kuma turo ɗaliban da ke neman wurin sanin makamar aiki. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye kuwa kada su sa hannu a karɓar kwamfuta sai ɗan kwangila ya nuna shaidar lasisi, ko ya kawo ta da manhaja mai 'yanci tare da horo a rubuce cikin yarjejeniya.